Sati shida Baba na ɗauke da robar fitsari, a cire ko a bari?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka, kaina ya ɗaure. Mahaifinmu shekararsa 71. Ya daɗe yana tashi fitsari sau huɗu sau biyar da dare, in ya tsuguna sai ya jima kafin ya zo, muka ɗauka tsufa ne. Lokacin bikin ƙanwata ga hunturu ga baƙi daga ƙauye, har sai da muka sami saɓani da yayana kan wurin kwana, ƙarshe Baba ya bar wa baƙi ɗakinsa ya kwana a shagon waje, mura ta kama shi. Na sayo masa maganin mura a kemis. Kwana biyu fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura, yana ta gumi. A asibiti suka sa masa roba, suka ce furostet ce, wato tsokar da ke zagaye da hanyar fitsarin namiji a ƙasan mafitsara, ta kumbura, gwajin jini na furostet da ake kira PSA ya nuna 11, watakila sai an yi aiki. Yau sati shida, ya daina zuwa masallaci, ya ce ba zai shiga sahu da najasa ba. Wani yaron kemis ya ce zai cire masa a gida. In bari?

Nas, sashen tiyata: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kada ka bari, ɗan uwa. A bakin robar can cikin mafitsara akwai 'yar balan-balan da aka cika da ruwa kamar mil 10, ita ke riƙe ta. Sai an zuƙe ruwan da sirinji kafin a zare. In aka ja haka nan, hanyar fitsari za ta yage, jini ya ɓalle, daga baya tabon ya tsuke hanyar. Ko da yaron ya iya cirewa, in fitsari ya sake tsayawa da tsakar dare wa zai mayar? A asibiti da sassafe ake cirewa, ya sha ruwa, a ga ya yi fitsari da kansa, a auna abin da ya rage a mafitsara. Amma ba ka faɗi abubuwa uku ba. Fitsari nawa aka juye ranar farko, ya haura lita ɗaya? Me gwajin ƙoda ya nuna? Hoton ciki ya ce ƙodar ta kumbura? In fitsari ya riga ya danne ƙoda, ba a cire roba sai an yi aiki. Kuma irin robar nan mai ruwan ɗorawa wata guda ake canja ta, ta silikon ce ke kai sati 12. Tasa wace iri ce?

Mai harhaɗa magunguna: Maganin murar nan da alama shi ya ƙarasa toshewar. Da yawansu akwai sinadarin buɗe hanci mai matse bakin mafitsara, da mai sa barci da ke kashe mata ƙarfin turawa. Abin da ke ci min rai, a miƙa wa dattijo irin wannan ba a ko tambaye shi yadda fitsarinsa yake ba. An rubuta masa tamsulosin? Miligiram 0.4 ne sau ɗaya a rana, kamar rabin awa bayan cin abinci. Yana sassauta naman wurin, kuma ana so ya sha na kwana biyu zuwa uku kafin a gwada cirewa. Yana sa jiri, don haka in zai tashi sallar asuba ya fara zama a bakin gado. In akwai shirin yi masa aikin yanar ido, a gaya wa likitan ido yana shan sa.

Mai tambaya: Yaya, ni taimako na yi niyya, kowa ma maganin murar nan yake sha. Sun rubuta wani magani ya sha na kwana goma, da ya ƙare muka koma jiƙon da kawunmu ya kawo, kuma tun da ya fara fitsarin da ke taruwa a ledar robar ya fi haske. Takardun suna hannun yayana.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Ni 11 ɗin nan ta fi damuna. Sama da 4 ake fara sa ido. A je a ɗebi tsokar furostet ɗin a gwada kafin a yi maganar komai, daji ba ya jira.

Nas, sashen tiyata: Hajiya, a bi a hankali. Jinin da aka ɗiba ranar da fitsari ya tsaya ba abin dogaro ba ne, toshewar kanta da ƙwayar cuta duk suna ɗaga PSA. A maimaita yanzu, likita ya sa yatsa ta dubura ya taɓa. Mai laushi sumul daban, mai tauri da ƙulli daban. Furostet mai lafiya ba ta wuce girman goro ba, giram 20 zuwa 25, kuma babba takan ɗaga PSA ba tare da daji ba. Kai kuma ɗan uwa, hasken fitsari ruwan da ya sha ne, jiƙo bai taɓa furostet ba. In maganin nan na kwana goma tamsulosin ne, ba a yanke shi don kwali ya ƙare. In girman furostet ya haura mil 40 akan haɗa da finasteride miligiram 5, shi sai ya yi wata shida kafin a ga aikinsa, kuma yana rage PSA kusan rabi, sai a lura wajen karanta sakamako. Mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayarsa. Kafin nan, leda kullum ƙasa da mara, kada ta taɓa ƙasa, a juye kafin ta cika, a wanke bakin gaba da ruwa da sabulu, kada a bar shi da taurin bayan gida. Zazzaɓi, rawar ɗari, ruɗewa, gudan jini ko leda ta daina cika, asibiti a take.

Tsohon ma'aikacin tiyata: Wanda ya kai sati shida da roba magani ba lallai ya fitar da shi ba, ku daina jan rai a yi aikin. In furostet ɗin ba ta wuce mil 80 ba, TURP ake yi, ta hanyar fitsari ake shiga a kankare, babu yanka a ciki. Mafi yawa bayan aikin, maniyyi yakan koma mafitsara, a gaya masa tun da wuri. Mutanenmu sai ƙoda ta lalace suke kawo dattijo, sannan a ce tiyata ce ta kashe shi.

Nas, sashen tiyata: Malam, ai ba a gwada cirewa ko sau ɗaya ba, yaya za a yanke hukunci?

Wata 'yar uwa: Maganar masallaci, malaman fiƙihu sun yi wa mai yoyon fitsari rangwame, ku kai masa limamin da yake jin maganarsa. Akwai kuma ƙaramar leda da ake ɗaurawa a cinya, ƙarƙashin wando ba mai gani.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Amma Baba ya rantse ba mai sa masa wuƙa, kuma yaron nan ya sha cire wa mutane. Yayana ya yi tafiya da takardun sai wani satin. In ya zuƙe ruwan da sirinji kamar yadda kuka ce, shi ma ba zai yiwu ba?