Mu biyu kan na'ura ɗaya da dubstep, zai yiwu a Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Salam 'yan uwa. Ni da abokina muna ɗan taɓa DJ wajen buki da fatin ɗalibai, to kwanaki munka kalli bidiyon Skream da Benga, DJ biyu na Ingila masu dubstep, kiɗan da bes ya yi wa yawa, suna b2b, wato su biyu tsaye kan na'ura guda wanga ya saka wancan ya karɓa, wallahi abun ya shiga raina. Muna son gwadawa ranar fatin gama jarabawa. Ƙaƙa za mu raba aikin, kuma kuna ganin mutanenmu za su taka?

Na Arkilla:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ku fara da biyu-biyu, kai waƙa 2 shi 2, ɗaya-ɗaya sai hannu ya faɗa. Dubstep gudunsa bugu 140 ne a minti amma dukan mai ƙara yana sauka a bugu na uku, shi yasa kunne ke jinsa kamar 70, in baka saba ba sai ka shigo da taka a karkace. Babban abu dai saurare, lokacin da shi ke kai kada ka tsaya latsa waya, kunnenka na kan abin da ya saka kana neman amsa cikin filashinka, kamar makaɗi da 'yan amshi. Waɗannan da ka gani tun suna yara suke tare a Croydon kudancin Landan, shagon faifai na Big Apple suke zama, kowa ya san akwatin faifan ɗan uwansa. Ku ma ku zauna ku ji waƙoƙin juna tukuna. Kuma don Allah kada kowa ya shigo ya ƙara murya don ya fi abokinsa, mikisa ta nuna ja sauti ya fashe.

Injiniya Runjin Sambo:
Maganar sifika hwa? Kiɗan nan rabinsa ƙasa da 60Hz yake, wato sauti mai kauri ƙwarai, a ƙirji ake jinsa. Sifikun haya na buki ba sa kai can, sai dai ku ji kwalin na kakkarwa. Ku nemi sab, wato babbar sifikar bes, ko guda 2 ne da amfilifaya tasu daban, janareta kuma babba, ƙarami da bes ya sauka za ku ga fitilu sun dushe.

Yar Gawon Nama:
Yayana gaskiya awa guda na dubstep zalla mu mata zama za mu yi. Mun saba da amapiano da kiɗan kalangu na buki. Ku bamu namu tukuna fili ya cika, sannan ku saka minti 20 a tsakiya mu ji.

Na Arkilla:
Ta yi gaskiya, sai dai amapiano wajen 112 yake, kada ku ja shi zuwa 140 muryoyi su lalace. Ku yanke da eko, ɗan shiru, sai bes ya faɗo. In fili ya yi ihu ku juya waƙar baya ku sake ta daga farko, al'adar Jamaika ce da 'yan Landan sunka ɗauka.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai yayye. Injiniya, sab ɗin nan inci 18 zan tambaya ko 15 ma ta isa ga ɗakin taro madaidaici?