"An canza wa tuwo suna" ko "Kama da wane ba ta wane"?

Ɗalibar Biokemistiri: Assalamu alaikum. Jiya a ɗakin gwaji wani abokin karatuna ya ce aikin da nake yi canza wa tuwo suna ne kawai, kuma maganar ta tsaya mini a rai. Ƙaramar antibodi (furotin ɗin garkuwar jiki mai kama cuta) da ake kira scFv nake mayarwa cikakkiyar antibodi, wato IgG. Sassan nan biyu masu kama cuta, VH da VL, nake ninka DNA ɗinsu da PCR (hanyar yawaita kwafin DNA), in dasa kowanne a filasmid, wato ɗan zoben DNA, mai ɗauke da bayanin sauran gangar jikin antibodin. Malamai, karin maganar ta dace a nan?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ana cewa an canza wa tuwo suna idan abu yana nan yadda yake, laƙabi kawai aka sake masa, sau da yawa don a rufe wa mutane ido. To ban da suna, me ya sauya?

Ɗalibar Biokemistiri: Da yawa, Malam. Nauyin scFv kusan kilodalton 25 ne (ma'aunin nauyin furotin ke nan), na IgG kuwa 150. Ƙaramar, cikin 'yan awoyi ƙoda ke tace ta, amma IgG takan kai mako uku kafin rabinta ya bar jini. IgG ce kuma mai wutsiyar da ake kira Fc da ke kiran sauran dakarun garkuwar jiki.

Ma'aikacin Lab: Ni dai ina tare da abokin naki. Bakin da ke cizon cutar ai shi ne bai sauya ba. Aikin ma ya yi sauƙi. Da sai ka zaɓi enzayim mai yanka DNA kana fargabar kada ya datse maka tsakiyar VH. Tun da hanyar Gibson ta haɗa guntayen DNA ta fito a 2009, gefuna masu kama da juna kawai za ka tsara, su haɗu. Tuwon ne dai, kwano aka sake.

Tsohuwar Mai Bincike: A'a, ƙanena, sauƙin dasawa daban, abin da zai fito daban. A scFv, igiya ce, galibi ta amino asid (tubalan furotin) 15, ke ɗaure VH da VL. In ka cire ta ka ɗora su kan CH1 da CL, sassan gangar jikin IgG da ke riƙe su, zamansu na iya karkacewa. Na taɓa samun wata scFv mai kamu ƙwarai, da na fitar da ita IgG daga ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ake reno a lab, HEK293, sai kamun ya yi sanyi, watanni suka tafi. Wata kuma ƙarfi ta ƙara, don yanzu da hannu biyu take riƙo. Ni abin da zan ce shi ne kama da wane ba ta wane.

Malamin Hausa: Hajiya, taki ta fi kusa, sai dai ita kan baƙi biyu da suka yi kama ake faɗinta. Waɗannan kuwa uwa ce da 'yarta. Fatan da ɗalibarmu ke yi shi ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ke kuma kin shaida mana cewa a lab yakan yi.

Ɗalibar Biokemistiri: Na gode, Malam, na gode, Mama. Ranar Litinin in sha Allah zan tace IgG tawa da Protein A, furotin mai riƙe IgG, in gwada ƙarfin kamunta da gwajin ELISA tare da scFv ɗin a faranti ɗaya. Zan dawo in gaya muku.