Ni nake biyan rajista, shi yana sinima

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin rajistar ƙanena a jami'a ya fi ninki biyu, kuma ni nake biya daga ɗan abin da rumfar atamfa ke kawowa. Wannan zangon sai da na roƙi uwar adashi ta ba ni kwasar da ba tawa ba kafin kuɗin ya haɗu. Jiya da daddare sai ga hotonsa a WhatsApp, shi da abokai a sinima, kowa da kwalin gugguru. Ina nan ina lissafin kwanon masara, yaro ya zama ɗan sinima. Ku gaya min gaskiya, wanda ake biya wa karatu yana da hurumin sayen tikitin kallo?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar. Amma ka janye kalmar "ɗan sinima". Mu da muka tashi a cikin birni mun san abin da take nufi. Ɗan iska ke nan.

Ɗan Kwari: Baba, ni ban ce ɗan iska ba.

Baban Yara: Ka faɗa, ɗana, ba ka dai sani ba.

Ɗan Fagge: To Baba, ashe duk wanda ya shiga sinimar Plaza ɗan iska ne? Mahaifina ya kalli finafinan Indiya a can da Orion ta Ƙofar Wambai, lokacin ma ba rufi, sararin sama ne a kanka. Ya aurar da 'ya'ya tara, bai taɓa fashin jam'in Asuba ba.

Malamin Islamiyya: In wurin kirki ne me ya sa gwamnatin Kano ta rufe su a 2000 da aka ƙaddamar da shari'a? Me ya sa aka kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001?

Ɗan Fagge: Malam, ai an sake buɗewa.

Malamin Islamiyya: Buɗewa ba wankewa ba ce. A 2016 ma da aka so gina ƙauyen fim a Kofa, jama'a suka ƙi, dole aka fasa.

'Yar Gwale: Ku kuka ƙi, Malam, ba jama'a ba. Da an gina da yaran unguwarmu nawa ne suka samu sana'a? Yanzu kuma fim ɗin yana cikin wayar kowa a YouTube, har da masu zagin.

Malamin Islamiyya: Malama, "masu zagin" su wa kike nufi?

'Yar Gwale: Wanda ya tsargu.

Ɗalibar Aji Uku: Yaya Ɗan Kwari, ni dai tambayata ɗaya: ƙanenka ya nemi NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu? Tun 2024 suke biyan rajista, ba ruwa a bashin, ga naira 20,000 duk wata ta kashewa. Kuma wallahi mu ma mutane ne. Wata takwas muka yi a gida a yajin aikin ASUU na 2022, yanzu a ɗora mana karatu ba hutu, fita ɗaya a zango ta zama laifi?

Baban Yara: Bashi hanji ne, 'yata. Yaro bai fara aiki ba a rataya masa.

Jar Hula: Wane bashi kuma? Gwamna Abba a 2023 biya wa ɗaliban Kano na BUK ya yi, kyauta, bai ce su dawo da ko sisi ba.

Ɗan Gandu: Da kuɗin aljihunsa? Kuɗin jiha ne. NELFUND kuwa har ɗan Zamfara yana samu.

Jar Hula: Bayan gwamnatin tarayya ta cire tallafi ta sa mafi ƙarancin albashi 70,000? Buhun shinkafa nawa ne?

Ɗan Gandu: Kai dai ko mutuwa aka yi sai ka kawo jar hula.

Jar Hula: Ka iya bakinka.

Ɗan Kwari: Jama'a, ba wanda ya ba ni amsa fa. In tsawatar masa ko in ƙyale?

Ɗan Fagge: Ni har yanzu ina jiran Baba ya janye abin da ya ce a kan mahaifina.

Baban Yara: Ban ambaci mahaifinka ba. Ban ma san shi ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda sinima ba wurin ɗalibi ba ne, kuma hujjojin Malam na 2000 da 2016 ba wanda ya iya ture su. Ɗan Fagge ya ɗauki abin da zafi saboda mahaifinsa, mun yi masa uzuri. Maganar NELFUND a bar ta sai mun ji daga malamai, ni ɗana ba zai ci bashin gwamnati ba. Ɗan Kwari, ka rage masa kuɗin kashewa na wata biyu. Jar Hula da Ɗan Gandu ku same ni ta waya bayan Asuba. Na rufe zaure sai ƙarfe bakwai.