Wa ya taɓa sayar da wuƙar maƙera da ya yi amfani da ita?

Mai tambaya, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wuƙar yanka da wani maƙeri ya ƙera mini daga ƙarfen sifirin mota, shekara 7 ke nan. Ƙotar ƙaho ce, kuben fata ne. Na daina fawa, na koma sayar da hatsi a Dawanau, ga ta nan ajiye tana neman yin tsatsa. Ba na son in jefar da ita a kuɗin banza. Wanda ya taɓa sayar da irinta ya gaya mini yadda ya yi.

Mahauci, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abu na farko kada ka kai ta wajen masu injin wasa don ta yi ƙyalli. Ni na yi wannan kuskuren. Inji ya ɗauki zafi, bakin ya yi shuɗi-shuɗi, taurin da maƙeri ya ba ta ya tafi. Wanda ya zo saye tsohon mahauci ne, yana ganin launin ya ajiye ta, ko tayi bai yi ba. Daga baya rabin abin da na sa rai na karɓa. Ka wasa ta a dutse da ruwa, a hankali, ka shafe ta da man gyaɗa. Baƙin da ke jikin ƙarfen ka bar shi, masu sana'a sun san shaidar aiki ce.

Sannan ka jira watan Zulƙida ya ƙare. Kwana goman farko na Zulhajji kowane magidanci yana neman wuƙar layya, a lokacin ba kai za ka bi mai saye ba.

Baduku, Kasuwar Kurmi:
Malam, ka duba kuben. Sau da yawa ana kawo mini wuƙa mai kyau a cikin kuben da ɗinkinsa ya warware, tsinin ya leƙo ta ƙasa. Mai saye da ya ga haka zai rage kuɗi fiye da abin da sabon ɗinki zai ci. Kuma kada ka ajiye ta a cikin kube da damina, fata tana riƙe laima.

Daga Damagaram:
Ni tawa wuƙar damtse ce, aikin maƙeran Agadas, mai zane a jikin ƙarfe da jar fata a kube. Na fara kai ta wurin mahauta suka ce wannan ta ado ce, jaka biyu na kuɗinmu na sefa za su ba ni. Na dawo da abata. Wata uku bayan nan wani dillalin kayan gargajiya ya saya jaka tara, shi zanen ne ya dame shi, bai ko taɓa kaifin ba. Taka ta aiki ce, to mahauta da masu tsire su ne mutanenka.

Mai abinci, Jos:
Ƙanena, ni mai saye ce, bari in faɗi abin da nake dubawa. Ina girgiza ƙotar in ji ko tana motsi. Na taɓa sayen wata da aka liƙe ƙotarta da gam, ranar da na sa ta a ƙashin kaza ƙarfen ya fito ya bar ni da itace a hannu, Allah ne ya kiyaye yatsana. Idan taka tana da wani aibi, ka faɗa tun kafin a yi ciniki. Kuma ka bar mutum ya gwada ta a nama ko igiya a gabanka.

Dattijo maharbi, Bauchi:
Yaro, duk sun yi maka maganar kuɗi, ni wata zan ƙara. Ka san hannun da za ka damƙa wa. Shekarun baya wasu samari biyu suka zo ƙofar gidana da magariba suna son barhona, sun ma ninka abin da na faɗa. Na tambaye su sana'arsu, suka kasa ba ni amsa ɗaya. Na ce na fasa. Bayan sati na sayar wa wani mai kilishi da na san rumfarsa, a ƙasa da tayinsu, zuciyata kwance. Kai da kake Kano ka fi ni sanin abin da 'yan daba suke yi da irin wannan ƙarfe. Ka sayar da rana, a gaban shaida, ka naɗe ta a kubenta ka miƙa ta ƙota.

Mai tambaya, Kano:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kai kuben an sake ɗinki, na wasa ta a dutse. Yaron da na koya wa fiɗa ya ji labari ya zo jiya da ubangidansa na yanzu. Ya gwada ta a fatar tunkiya, ya ce ya san hannunta tun yana riƙe mini ƙafar dabba. Ya biya rabi, sauran sai bayan Sallah.