Dan Allah me za mu kira vulnerable da Hausa? "Masu rauni" ta taɓa sa ni barin mutum a baya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kalma ɗaya ce ta hana ni sakat tun makon jiya, kuma saura kwana huɗu in miƙa aiki.

Aikin fassara na samu. Wani kwansaltan, wato ƙwararren mai ba da shawara, aka ɗauko ya rubuta rahoto kan inda ƙasa ta kwana a harkar ci gaba, irin rahoton nan da ake yi kafin a tsara ayyukan shekaru masu zuwa, a duba muradun nan 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 ana son cimma su zuwa 2030, ina aka kai, me ke barazana, su wa aka bari a baya. Shi ya rubuta tambayoyinsa da Turanci, ni zan mayar da su Hausa don yaran da za su shiga ƙauyuka. Komai ya tafi daidai sai wannan kalma ta vulnerable, kusan kowane shafi sai ta fito.

Na san za ku ce ai "masu rauni" ce, kowa haka yake faɗa a rediyo. Toh ku tsaya ku ji dalilin da ya sa hannuna ya ƙi rubuta ta.

A farkon daminar 2022 na bi wata tawaga wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja, ni ne tafinta. Na durƙusa na ce wa mai gari, ranka ya daɗe so muke a tara mana masu rauni na garin nan mu rubuta sunayensu. Bawan Allah ya yi daidai abin da na roƙa. Aka kawo tsofaffin mata, da wani makaho da ɗan jagoransa, da wani gurgu a kan kekensa, da zawarawa masu marayu. Wanda ya shimfiɗa mana tabarma ya kawo ruwa a kwanon sha wani ƙato ne majiyi ƙarfi, manomin shinkafa, har muka taɓa hira yake ce min bana ya ci bashin taki da na man injin ban ruwa ya zuba duka a fadama ɗaya, mata biyu da yara duk idonsu na kan gonar nan. Ko a mafarki mai gari ba zai kira shi mai rauni ba, ni ma ban rubuta shi ba. Da ruwa ya zo a watan Satumba, shekarar da ambaliya ta yi wa Jigawa kaca-kaca, na koma garin na tarar da shi da iyalinsa a ajin firamare, gonar ta zama kogi, ga bashi na jiransa. Makahon nan kuwa yana kan tudu gidan ɗansa, ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Har yau in na tuna yadda mutumin nan ya gaishe ni bai ce min komai ba sai in ji wani iri a ƙirjina, don sunansa ba ya cikin takardar da aka bi aka yi rabo, kuma kalmata ce ta cire shi.

Na gwada "marasa galihu", na gwada "masu ƙaramin ƙarfi" da "mabuƙata", duk talauci suke nunawa. Kuma in talauci ne ma'auni ai an gama magana, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2022 ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, a Sakkwato ma kashi 91. Ka je ƙauye ka ce marasa galihu su fito, gari ne zai fito gaba ɗaya, ba ka tace kowa ba. Ku taimaka min.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta:
Wa alaikumus salam yarona. Ni dai ban ga laifin "masu rauni" ba. Asalin kalmar tasu daga Latin take, daga kalmar da ke nufin rauni, irin na yanka ko sara, ka ga ashe waɗanda suka fara fassarawa ba da ka suka yi ba. Malamanmu ma a wajen tafsiri in sun zo kan mustad'afina cikin Suratun Nisa'i raunana suke cewa, maza da mata da yara. Kalma ce da kunnen Bahaushe ya saba da ita, kada ka je ka ƙirƙiro abin da sai an yi wa mai gari darasi kafin ya gane.

Ni:
Allah ya gafarta Malam, na gode ƙwarai, ban ma san wannan asalin ba. Amma a gafarce ni, ina ganin nan ne ma matsalar take. Tasu kalmar tana nufin wanda za a IYA ji wa rauni, wanda sara zai same shi in an kawo. Tamu kuwa in ka ce mai rauni, kunne yana jin wanda raunin ya riga ya kama, ana gani a jikinsa. Tasu gobe take kallo, tamu jiya. Shi kuma rahoton nan duk amfaninsa a gane mutum kafin ruwan ya iso ƙofarsa.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi:
Yaya maganarka haka take, mu nan Nijar da kalmar Faransanci muke fama, kusan iri ɗaya ce da ta Turancin. Ni na ga 2005 da idona ina budurwa, bayan fara da ƙarancin ruwa na daminar 2004. Hatsi na nan a kasuwa jibge amma kuɗinsa ya fi ƙarfin mutane, kuma waɗanda suka fi ba ni tausayi makiyaya ne, mutumin da bara ana ce masa mai arziki saboda garkensa, bana bisashen sun rame yana sai da saniya a kuɗin da ba zai sayi buhun hatsi ba. Wa zai rubuta shi cikin gajiyayyu tun farko? Yanzu ma aikin da ƙungiyar CILSS, mai yaƙi da fari a ƙasashen Sahel, ke jagoranta na auna ƙarancin cimaka a ƙasashenmu, mataki biyar suke kasa mutane, daga na ɗaya lafiya lau har na biyar yunwa sosai, kuma suna hasashen yadda za a kasance daga Yuni zuwa Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba. Mutanen mataki na biyu su ne naka, suna ci yau amma da ƙyar, abu kaɗan zai tura su na uku. Kakata in tana maganar irin wannan gida cewa take "ba su da madafa". Me zai hana ka ce marasa madafa?

Wani matashi:
Ni kuma "marasa garkuwa" ta zo min. Garkuwa ai ita ke tare sara, ka ga ta haɗu da bayanin Baba Malam na sama, kuma kowa ya san garkuwar jiki.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena dan Allah a'a, kar ma a fara. Shekara nawa muna cewa cuta mai karya garkuwar jiki a rediyo da asibiti, ka shiga gari ka ce a tara maka marasa garkuwa wallahi ba wanda zai fito, wanda ma ka rubuta sunansa ka ja masa magana a gari, 'yarsa ma sai ta rasa mijin aure. Kalmar ta yi kyau a takarda amma ta riga ta yi mai ita. Sai dai kuma in roƙe ku kar ku kashe mana "masu rauni" gaba ɗaya, mu a wajenmu tana aiki, in ana maganar zazzaɓin cizon sauro aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu su ne masu rauni, kowace uwa ta gane, don a nan jikin ne ake nufi.

Ni:
Anti na karɓa, garkuwa ta fita. Kuma na yarda da ke, a ɓangaren lafiya na tambayoyin zan bar masu rauni yadda take.

'Yar'uwa ta Maraɗi, tun da na karanta naki nake juya shi a baki. Madafa. Mutum ya yi tuntuɓe zai faɗi ya kai hannu, in akwai bango ko kafaɗar wani ya dafa ya tsaya, in babu sai ƙasa. Abin da ya burge ni kalmar ba ta ce mutum ya faɗi ba, ba ta ce shi talaka ne ko gajiyayye ba, ba ta zage shi ba, ƙato ma yana iya rasa madafa. Kuma da ita za ka iya yin tambaya a ƙirga amsa: akwai 'yar akuya ko tunkiya da za a sayar, akwai ɗa a Kano ko Legas mai aiko da wani abu, akwai gona ta biyu a kan tudu, matar gidan tana adashi, akwai sana'ar rani. Manomin nan nawa da an yi masa waɗannan tambayoyi da duk babu zai ce, makahon kuwa yana da ɗa yana da tudu. Ku duba 'yan kasuwar Monday Market a Maiduguri ma, gobara ta cinye kasuwar a farkon 2023, wasu da bashi suka sake tayar da shago, sai ga madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shiga gari har kasuwar. Mai shago ba marar galihu ba ne, amma wanda ya riga ya ƙarar da madafarsa a gobara, da ruwan ya zo me ya rage masa.

Wani daga Zariya:
Malam ka yi hankali da rubutu fa. Madafa ai kicin ne ma, wurin dafa abinci. A baki akwai bambanci, ta jingina ana jan "da" ɗin, ta girki ba a ja, amma a takarda rubutunsu ɗaya ne. Yaran da za ka ba takardar wasunsu Hausar boko ba ta zauna musu ba, wani zai je ya tambayi matan gida ko suna da kicin ya cike fom ya dawo.

'Yar'uwa ta Maraɗi:
Gaskiyarsa ne, amma ai ba wanda ke jin "madafun iko" a labarai ya ɗauka kicin ɗin gwamna ake nufi. In an sa ta cikin jimla ba ta ɓata. Kar dai a bar ta tsirara a kan layi ita kaɗai.

Dattijo:
To na ji hujjarku, kuma labarin manomin ya taɓa ni. Sharaɗina ɗaya, kada ka ce wa mai gari "tara min marasa madafa" kawai, zai sake kawo maka tsofaffin nan ne, don shi a ganinsa mai gona yana da madafa. Sai ka haɗa da sharaɗin, ka ambaci masifar da sunanta.

Ni:
Allah ya ƙara girma Malam, wannan gyaran shi ne ya cike abin. Ga yadda zan rubuta. A cikin rahoto da kan shafi: marasa madafa, a karon farko da bayani a gefe cewa su ne gidajen da in ambaliya ko fari ko tsadar abinci ko rikici ya zo ba su da abin da za su dafa su tashi. A wajen mai gari kuwa yaran za su ce: ranka ya daɗe, in ruwa ya ci gonakin fadama bana, waɗanne gidaje ne ba su da inda za su dafa, ko da yau suna da rufin asiri? Na sa "rufin asiri" da gangan saboda irin su manomin nan su ji ba a tozarta su ba in an kira sunansu. A shafukan asibiti masu rauni na nan.

Ɗan'uwa na Zariya, zan karanta wa yaran da baki ranar horo su ji jan wasalin, kuma jibi in Allah ya kai mu akwai kasuwar ƙauye kusa da mu, zan gwada tambayar a kan mutum biyar ko shida masu awo in ji abin da za su fahimta kafin in miƙa.

Saura kalmar risk, kwansaltan ɗin ya raba ta da hazard a tebur guda, ni kuma duka biyun "haɗari" na rubuta musu da fensir. Wanda ke da shawara ya ajiye min a ƙasa.