Neman shawara: masu zuwa ɗakin koyon harsuna sun ƙi karatu sai da malami

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Ni ne mai kula da wani ɗakin koyon harsuna a Garwa, inda muka tanadi littattafai da ƙamus da kwamfutoci domin matasa su koyi Faransanci da Turanci da kansu, tunda su ne harsunan hukuma a Kamaru, kuma Hausa da Fulatanci kaɗai ba sa kai mutum ga aikin ofis. Abin da ke damuna shi ne suna zuwa su zauna suna jiran wanda zai tsaya musu a gaba, idan ba su samu ba sai su shiga Facebook. Yaya zan yi su riƙe karatun da hannunsu?

Malamin allo, Ngaundare:
Wa alaikumus salam. Ɗana, yaran nan sun saba da wannan tsari tun a makarantar allo, inda kowa yake da allonsa da wurin da ya tsaya, ba ya jiran na kusa da shi, kuma ba ya wanke allo sai ya kawo karatu babu gyara. Ka bar kowa ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka a mako, ya rubuta, sannan ka sa ranar da zai kawo maka. Wanda ya san za a saurare shi ba ya wasa.

Malamar Faransanci, Marwa:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ɗalibi ba zai iya zaɓa ba idan bai san matakinsa ba. Ka jera littattafan bisa matakan DELF, wato jarrabawar auna iya Faransanci, daga A1 na masu farawa zuwa B2 na waɗanda suka yi nisa, ka ajiye amsoshin darussa a inda hannunsa zai kai domin ya duba kuskurensa da kansa. Gidan rediyon RFI yana da labarai na minti 10 cikin sassauƙan Faransanci tare da rubutunsu. Ka sauke su tun da wuri, saboda wuta da intanet ba su da tabbas a wajenmu.

Ɗaliba, Garwa:
Yaya, kunya ce take hana da yawanmu buɗe baki. Ka haɗa mu biyu-biyu mu riƙa hira, kuma ka ware wa mata lokaci kafin la'asar, domin iyaye ba sa barinmu fita da yamma.