Shawarwarin da aka bayar kan kafa ƙungiyar ma'aikata

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda ma'aikata za su kafa ƙungiya a wurin aikinsu, abin da aka fi nanatawa shi ne kada a fara da gangami. A zanta da abokan aiki ɗaya bayan ɗaya, bayan an tashi, a ji abin da ke ci wa kowa tuwo a ƙwarya. A rubuta kowane ƙorafi da kwanan watansa, a adana takardun albashi, domin ranar zaman sasantawa su za a baje a tebur. Haƙƙin shiga ƙungiya kuwa doka ta san da shi: yarjejeniya ta 98 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1949, ta haramta korar ma'aikaci saboda ya shiga ƙungiya. Yajin aiki, mafi yawan waɗanda suka ba da shawara sun ce sai an gwada komai tukuna, kuma ina tare da su.